Green Acre: daren da zafi ya kashe karnuka sama da 20 a gidan da aka ba amanarsu

Gilbert gari ne a gefen birnin Phoenix, cikin gundumar Maricopa ta jihar Arizona a Amurka. Yankin hamada ne. A watan Yuni zafin rana kan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, sau da yawa ma ya zarce, kuma ko dare ya raba ƙasa ba ta gama hucewa. A wannan lokaci ne makarantu ke hutu, iyalai ke yin bulaguro, masu karnuka kuma ke neman inda za su bar dabbobinsu kafin su dawo. Ajiyar karnuka sana'a ce sananniya a can: ka kai karenka, ka biya kuɗin kowane dare, a ci gaba da ciyar da shi ana kula da shi.

A shekarar 2014 Green Acre ɗaya ne daga irin waɗannan wurare, wasu mata da miji ne ke gudanar da shi a harabar gidansu. Abin da ya ja hankalin mutane gare shi alkawarin da aka yi musu ne, cewa a nan ba a kulle kare a keji, akwai fili da zai sake ya yi wasa, kuma za a riƙe shi kamar ɗan gida. Mai kare da ke ƙyamar ganin dabbarsa a bayan waya, wannan maganar kaɗai ta ishe shi ya biya ya kama hanya da kwanciyar rai.

A tsakiyar watan Yunin 2014, daidai lokacin da gidan ya cika maƙil, masu shi suka tafi jihar Florida, suka bar wa 'yarsu da mijinta riƙon wurin. Daren 19 ga wata, wayewar 20, aka tara karnuka 28 a ɗaki guda mai faɗin ƙafa 9 da tsawon ƙafa 12, aka rufe ƙofa, aka tafi barci. Da asuba da aka buɗe, wasu sun riga sun mutu, wasu na kan gargara. Da aka gama ƙirga, 23 ne suka rasa rayukansu.

Ɗakin da abin da ke cikinsa

Ya kamata a ɗan tsaya a kan girman ɗakin nan, domin a ganina daga nan komai ya faro. Ƙafa 9 sau 12 ya ba da murabba'in ƙafa 108, wato kusan murabba'in mita 10. A raba wa karnuka 28, kowanne bai samu murabba'in ƙafa 4 ba. Ƙafa biyu nan, ƙafa biyu can, shi ke nan. Babban kare ba zai iya miƙe jikinsa a wannan ɗan wuri ba sai ya hau kan na kusa da shi, alhali miƙewa a kan daɓe mai sanyi, ciki a ƙasa, ƙafafu a baje, na cikin hanyoyin farko da kare ke bi ya rage zafin jikinsa.

Kare ba ya gumi irin na mutum. Ɗan gumin da yake yi a tafin ƙafa ne, kuma bai taka kara ya karya ba. Dogaronsa yana ga haki: ya zaro harshe, ya riƙa jan iska da sauri, numfashi 300 ko fiye a minti ɗaya, danshin da ke kan harshe da cikin hanci ya bi iska ya tafi da zafi. Wannan dabara tana aiki ne muddin iskar da yake shaƙa ta fi jikinsa sanyi, kuma ba ta riga ta ƙoshi da danshi ba. A ɗaki rufaffe sharuɗɗan biyu duk rushewa suke yi. Kowane kare na fitar da tururi, tururin ba shi da mafita, iska ta yi nauyi, hakin ya daina sanyaya komai. Kuma haki shi kansa aiki ne na tsoka, yana ƙara haifar da zafi. Kare ya ji zafi, ya ƙara haki, ɗakin ya ƙara ɗumi da danshi, na kusa da shi ya ƙara nasa. Tsoro ya shiga, haushi da turereniya a bakin ƙofa su biyo baya, zafin ya sake hauhawa.

Akwai kuma zafin da jikkunan kansu ke fitarwa. Kare mai nauyin kilo 25, ko yana kwance bai motsa ba, yana fitar da zafin da ya kai wat 40 ko kusa da haka. Idan aka ɗauka duka 28 ɗin matsakaita ne, jimillar ta haura wat 1,000, tamkar a kunna dutsen guga na lantarki a ƙuryar ɗaki a bar shi har gari ya waye. Wannan lissafin karnuka masu barci ne. Waɗanda suka firgita suna fitar da ninkinsa.

Zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39 da ɗoriya. Da ya haura 41 an shiga haɗari. Fatar cikin hanji ta fara lalacewa, ƙwayoyin cuta su tsallaka cikin jini, ƙoda da hanta su raunana, daskarewar jini ta rikice, ƙwaƙwalwa ta kumbura. Mai kallo daga waje zai ga dalala mai kauri, dasashi ya yi jajir, tafiya da tangaɗi, amai, gudawa wani lokaci da jini, sai jijjiga, sai suma. Tsakanin lafiya lau da wannan hali, tazarar digiri biyu zuwa uku ce kawai.

Musu a kan na'urar sanyaya ɗaki

Bayanin da masu gidan suka bayar shi ne wani kare ya tauna wayar lantarki, wuta ta yanke wa iyakwandishan. Masu binciken ofishin Joe Arpaio, shugaban 'yan sandan gundumar a lokacin, ba su gamsu da wannan ba. Nasu ganin shi ne ɗakin tun asali bai dace da wannan yawan dabbobi ba, ko na'urar tana aiki ko ba ta yi. Daga baya lauyoyin waɗanda ake tuhuma suka kawo wata hujjar: matatar iskar na'urar ta toshe da datti, kuma hakan na iya sa ta gaza cikin dare. Wannan abu ne da duk mai gyaran iyakwandishan ya sani. Idan filta ta cushe da ƙura da gashi, iska ba ta ratsawa, ƙanƙara ta taru a kan bututun sanyin, injin ya ci gaba da ƙugi amma babu sanyin da ke fitowa. Wanda ke ɗaki na gaba zai ji ƙarar ya ɗauka komai na tafiya daidai.

An ɓata watanni ana wannan musu, kuma a kotu yana da nauyi, domin shi ke bambance ganganci da tsautsayi. Amma ga mai son sanin abin da ya kamata gidan ajiya ya yi, duk bayanan uku wuri ɗaya suke kai mutum. In waya ce aka tauna, me ya sa waya take inda haƙorin kare zai kai? In filta ce ta toshe, a gidan da gashin karnuka ke tashi dare da rana, wa ke da alhakin duba ta kafin bazara? In kuma na'urar ce ta yi wa ɗakin kaɗan, wa ya karɓi kare na 20 da na 28? Na'ura dole wata rana ta lalace, kuma ta fi lalacewa a ranar da aka fi matsa mata, wato ranar da aka fi buƙatarta. An rataya rayuka 28 a wuyan inji guda, sa'o'i suka shuɗe babu idon da ya leƙa su.

Kare da ke sake a waje ya san yadda zai ceci kansa. Duk wanda ya lura da karen unguwa da azahar a watan Afrilu ya gani: ya nemi gindin bishiya ko inda ake zubar da ruwan wanke-wanke, ya tona ƙasa da ƙafafun gaba har ya kai ga mai laima, ya kwanta ciki ya manna cikinsa, ba zai tashi ba sai la'asar sakaliya. Wanda ya rufe ƙofa a kan dabba ya ƙwace mata duk wannan. Ba ta iya neman inuwa, ba ta iya neman iska, ba ta iya matsawa daga 'yan'uwanta. Aikin da jikinta da dabararta ke yi mata ya koma wuyan mai makulli gaba ɗaya, har da ƙarfe biyun dare. Hadisin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abincinta ba, a kan wannan gaɓar yake, kuma bai kamata ƙyamar da wasunmu ke yi wa kare ta rufe mana ido daga ganin hakan ba.

Abin da aka yi da asuba

Da masu riƙon gidan suka ga halin da ake ciki, sai suka fito da karnukan, suka watsa musu ruwa, suka sa musu ƙanƙara. Ba a kira likitan dabbobi ba.

Watsa ruwan ba laifi ba ne. An daɗe ana gaya wa mutane cewa ruwan sanyi haɗari ne ga karen da zafi ya buge, sai dai a shafa masa mai ɗumi a hankali. Likitoci sun bar wannan shawarar. Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Royal da ke Landan yanzu cewa take a fara sanyaya kare nan take, sannan a ɗauke shi zuwa asibiti. Matashin kare mai ƙarfi a tsoma shi cikin ruwan sanyi, kai a waje. Tsoho, ko mai wata cuta, ko wanda ya suma, a riƙa kwara masa ruwa ana yi masa fifita ko a kunna masa fanka. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, domin tawul ɗin na tsare zafin ne a jikinsa. In yana cikin hayyacinsa a ajiye masa ruwa ya sha da kansa, ba a ɗura masa.

Sai dai sanyayawa rabin aiki ce. Ɓarnar da zafi ya yi wa ƙoda da jini ba ta tsayawa don jiki ya huce. Kare na iya miƙewa ya kaɗa wutsiya, bayan kwana ɗaya ko biyu ƙodarsa ta tsaya. Yana buƙatar ƙarin ruwa ta jijiya, da gwajin jini, da ido a kansa. Wani nazari da likitocin Jami'ar Hebrew ta Isra'ila suka wallafa a 2006, a kan karnuka 54 da aka kai musu da bugun zafi, ya nuna rabinsu sun mutu, kuma jinkirin da ya wuce minti 90 kafin a isa asibiti na cikin abubuwan da suka ƙara yawan mutuwar. Yankin Phoenix ba ƙauye ba ne, akwai asibitocin dabbobi da ba sa rufewa dare da rana. Kiran waya ɗaya ne ya rage, kuma ba a yi shi ba.

Ƙaryar da ta biyo baya

Abin da ya fi ƙona wa mutane rai ya zo ne bayan mutuwar. An kira wasu daga masu karnukan aka ce musu dabbobinsu sun tsere. Mutane suka katse tafiyarsu, wasu suka bazu cikin unguwa a wannan rana mai ƙuna suna kiran sunayen karnukan da tuni gawarwakinsu ke jibge a wata rumfar ajiyar kaya a cikin gidan. Da gaskiya ta fito, masu su suka zo suna gane nasu a cikin tarin da zafi ya riga ya fara canja wa kama.

Ban ga yadda za a yi wa wannan uzuri ba. Firgici na iya sa mutum ya rasa abin yi na minti goma. Amma ɗaukar waya a shirya labari, a bar mai abu yana yawo da fata a zuciyarsa, shawara ce da aka yanke da hankali, kuma sunan gidan aka yanke ta don karewa. Ƙaryar ma ba a ranar ta fara ba. Ta fara ne ranar da aka nuna wa mutane fili da ciyawa, ba a nuna musu ɗakin da karnukansu ke kwana ba.

Shari'ar ta yi ta kwan-gaba-kwan-baya, kuma siyasa ta shige ta, kasancewar surukin masu gidan ɗan wani sanata ne mai ci a lokacin. A Oktoban 2014 aka tuhumi mutum huɗun da zaluntar dabbobi. A Disamba babban mai gabatar da ƙara na gundumar a wancan lokaci, Bill Montgomery, ya janye waɗannan tuhume-tuhume, bisa dalilin cewa ba a gabatar wa kwamitin da ya amince da tuhumar batun matsalar na'urar ba. Ba a sake tuhumar 'yar da mijinta ba. Masu gidan kuwa an sake gurfanar da su a 2015, a 2016 suka amsa laifin zaluntar dabbobi da wani laifi mai alaƙa da zamba, aka yanke musu kwana 60 a gidan yari da shekara 3 ƙarƙashin sa idon hukuma.

Abin da dabba ke bin gidan ajiya a lokacin zafi

Doka ba ta cika taimaka wa mai kare a nan ba. Ƙa'idojin da ke ƙarƙashin dokar kare haƙƙin dabbobi ta tarayyar Amurka, wadda aka kafa a 1966, sun hana a bar kare a ɗakin da zafinsa ya wuce digiri 29.5 fiye da awa 4 a jere, amma masu kiwo don sayarwa da wuraren bincike suka shafa. Gidajen ajiya na yau da kullum an bar wa jihohi da ƙananan hukumomi. Ingila ta fi tsaurarawa: tun 2018 sai da lasisin ƙaramar hukuma, ana zuwa dubawa, ana ba gida tauraro 1 zuwa 5, kuma wurin kwanan kare bai kamata ya wuce digiri 26 ba.

Da doka da babu, abu na farko shi ne adadi. Gida ya san karnuka nawa zai iya ɗauka a ranar da na'urarsa ta mutu, ya tsaya a nan ko da kuɗi na ƙwanƙwasa ƙofa, kuma a lokacin hutu ne suka fi ƙwanƙwasawa. Na biyu mutum ne. Wani ya kwana kusa da dabbobin, ya riƙa shiga ɗakin da ƙafarsa, domin fatar mutum tana gane ɗaki ya ɗau zafi cikin daƙiƙa biyu. Akwai ƙananan ma'aunan zafi masu aika saƙo a waya idan ɗaki ya wuce iyaka, ba su da tsada, kuma da akwai guda ɗaya a bangon wancan ɗaki da an tashi masu barci tun karnukan na haki kawai. Sannan a tanadi mafita ta biyu: taga mai raga da za a buɗe, fanka mai batir, janareta da mai a cikinsa, wani ɗakin da za a rarraba su. Lambar likita a manne a bango, kuma kowane ma'aikaci ya san yana da izinin kira ba sai ya nemi mai gida ba. Ina zargin rashin wannan izini, ko tsoron abin da zai biyo baya, shi ke riƙe hannun ma'aikata da yawa a irin wannan lokaci.

Ba duka karnuka ne haɗarinsu ɗaya ba, kuma ya kamata a tantance tun a bakin ƙofa. Masu bincike na kwalejin Landan ɗin nan da Jami'ar Nottingham Trent sun duba bayanan asibiti na karnuka sama da 900,000 a Birtaniya na shekarar 2016, suka sami bugun zafi sau 395, kashi 14 cikin 100 suka kai ga mutuwa. Waɗanda suka fi faɗawa su ne masu gajeren hanci irin su Bulldog da Pug, masu gashi cunkus irin Chow Chow, masu ƙiba, manya masu nauyin kilo 50 zuwa sama, da tsofaffi. Irin waɗannan su ya kamata a ba wuri mafi sanyi, a fi yawan leƙawa.

Rana ma tana da nata. Binciken waɗannan masana ya nuna kusan kashi uku cikin huɗu na bugun zafin karnuka daga motsa jiki yake zuwa, wato gudu da wasa da yawo. Kare mai son wasa ba ya sanin ya isa, zai bi ƙwallo har ya faɗi, musamman a cikin garke inda kowa ke zuga kowa. Don haka wasa da sassafe ne ko bayan faɗuwar rana. Kwalta da siminti kan ƙona tafin ƙafa, in ka ɗora bayan hannunka ka kasa jurewa na 'yan daƙiƙoƙi, shi ma ba zai jure ba. Ruwan sha a inuwa, a kwano mai nauyi da ba ya kifewa, fiye da ɗaya, domin kare mai faɗa kan tsare kwano ya hana na ƙasa da shi. Kaska da ƙuma sun fi yaɗuwa inda dabbobi suka taru, sai a duba kunne da tsakanin yatsu, a kuma ga katin rigakafi kafin a karɓi kowane baƙo.

Wannan ba labarin nesa ba ne ƙwarai. Zafin Afrilu a Sakkwato, Maiduguri, Kano da Yamai ya yi kusa da na Yunin Arizona, ga shi ɗaukewar wuta a wurinmu abin kullum ne. Gidaje da yawa yanzu suna ajiye karnukan gadi na waje, Alsatian da Rottweiler da Boerboel, har da Caucasian mai gashin da ya dace da sanyin duwatsu, kuma mai tafiya kan bar su a asibitin dabbobi, ko wurin mai kiwo, ko a hannun maigadi cikin ɗan keji mai rufin kwano. Kafin ka miƙa igiyar, je wurin da kanka da ƙarfe uku na rana, ba da safe ba. Ka ce a nuna maka ainihin inda zai kwana, ka shiga ka tsaya a ciki, ka ƙirga nawa ne za su kwana tare da shi. Ka tambayi wa ke wurin da daddare, me ake yi idan wuta ta ɗauke kuma janareta ya ƙi tashi, wane likita ake kira. Ka bar lambar wani ɗan'uwa da ke cikin gari wanda zai iya leƙawa ba tare da ya sanar ba. In aka ce maka ba a shiga ɗakin kwanan, ka juya da karenka.